Amsoshin Tambayoyinku: Uwa Ɗaya Uba Ɗaya, Kama Daban-daban

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Wasiƙar yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce 'ya'yanta huɗu, uba ɗaya, amma babban fari ne dogo, mai bi masa baƙi ne gajere, har dangin miji sun fara ƙus-ƙus. Ko me ke kawo haka?

To Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan'adam akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kromosom, su ne ke ɗauke da gadon kama, 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan jikinki zai haɗa ƙwan haihuwa, rabi kawai yake zubawa, wato 23. A kowane biyu yana ɗaukar ɗaya, ko wanda kika gada wajen mahaifinki ko na mahaifiyarki, ba tare da zaɓe ba. Wannan kaɗai yana iya ba da haɗi iri 8,388,608. Maniyyin maigida ma haka. In aka haɗa biyun, lissafin ya haura tiriliyan 70.

Ba a nan ta tsaya ba. Kafin rabuwar, zaren da kika gada wajen mahaifinki da na mahaifiyarki kan kwanta kusa da juna su yi musayar gutsattsari, kamar tela ya yanka atamfa biyu ya ɗinke ƙyallen wannan a jikin waccan. Shi ya sa hancin kaka kan ɓulla a fuskar jikan da bai taɓa ganinta ba. Launin fata kuwa ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa su fitar da shi, don haka masu ƙus-ƙus su nemi wani aikin.

Wani malami daga Gusau ya turo mai kama da wannan. Shi da uwargidansa duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, kuma likita ya ce musu ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu kan iya zuwa da sikila. Ɗansu na fari sikila gare shi, to ukun da za su biyo baya sun tsira ke nan?

A'a, Malam. Ɗaya cikin huɗun nan da likita ya faɗa muku, kowane ciki ne ake sake shi daga farko, domin ƙwan bana bai san abin da na bara ya ɗauka ba. Duk jaririn da kuka samu, a kai shi asibiti a yi masa gwajin jini da wuri.