Sanya wa Yaro Bututun Numfashi: Da Ido Ko da Kyamara?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga nan Zariya.

Duk uwar da ta taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata ta ji likita ya ce, "Hajiya, za mu sa masa roba a maƙogwaro," ta san yadda gaba ke faɗuwa. Robar nan bututu ce mai laushi da ake zurawa ta baki, wani lokaci ta hanci, har ta shiga hanyar iska, domin na'ura ta ɗauke wa yaro wahalar numfashi yayin tiyata ko tsananin ciwo. Hanyoyin sanya ta sun fi ɗaya, kuma su za mu kwatanta yau.

Mu fara da yadda jikin jariri yake tukuna. Jariri ƙeyarsa babba ce, da an kwantar da shi rigingine sai haɓarsa ta sunkuyo kan ƙirji, hanya ta lanƙwashe. Shi ya sa za ku ga nas ta naɗe ƙaramin tawul ta tura masa ƙarƙashin kafaɗu. Harshensa ya cika bakin, maƙogwaronsa yana can sama, marfin da ke rufe hanyar iska kuma dogo ne mai laɓo-laɓo. Faɗin hanyar kanta bai wuce milimita 4 ba. Idan ta kumbura da milimita 1 kacal a kewaye, kashi uku cikin huɗu na ƙofar ya tafi. Ga shi jikin jariri yana cin oksijin kusan ninki biyu na babba idan aka auna da nauyi, ajiyarsa a huhu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Babba zai iya jiran likita na ɗan lokaci. Jariri kuwa, kafin ka ƙirga talatin ka ji sautin na'urar auna oksijin da aka maƙala masa a yatsa ya fara sauka.

Hanya ta farko ita ce wadda aka gada: a duba da ido kai tsaye. Likita yana riƙe da laringoskop a hannun hagu, wato ƙarfe mai ƴar fitila a baki, ya kawar da harshe gefe, ya ɗaga, ya hango ƙofar iska tsakanin tantanin murya guda biyu, sannan ya zura bututu da hannun dama. Akwai miƙaƙƙen ƙarfe da Robert Miller ya fito da shi a Amurka a 1941, wanda aka fi so ga jarirai saboda yana ɗage marfin nan gaba ɗaya. Akwai kuma lanƙwasasshe na Robert Macintosh na Oksfod, na 1943, wanda ya fi dacewa da yaran da suka tasa. Kayan nan ba su da tsada, batir biyu sun ishe su, ko an ɗauke wuta suna aiki.

Matsalarsu ɗaya ce babba: mutum ɗaya ne ke gani. Malami yana tsaye bayan ɗalibi yana tambaya, "Me kake gani?" Ɗalibi ya ce, "Ina jin na gani, ranka ya daɗe." Malami ba shi da yadda zai tabbatar, ga lokaci yana tafiya, ga bakin da ko yatsu biyu da ƙyar suke shiga.

A nan hanya ta biyu ta shigo. An ɗora ƴar kyamara a bakin ƙarfen, hoton yana fitowa a allo, kowa a ɗakin yana kallo. GlideScope, da aka ƙera a Kanada, ta fito a 2001, wasu irin su C-MAC da McGrath suka biyo baya. A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi kan jarirai fiye da 500 ƴan ƙasa da shekara ɗaya a ɗakin tiyata. Da kyamara, kashi 93 cikin 100 an dace tun karon farko, da ido kuwa kashi 88. Tazarar kamar kaɗan ce, amma kuskuren tura bututu hanyar abinci ya ragu, munanan matsaloli ma haka. Sai kuma 2024, a birnin Dublin na ƙasar Ailan, aka gwada kan sababbin haihuwa da ke buƙatar bututu cikin gaggawa, da yawansu bakwaini, masu sanyawar kuma galibi likitoci ne masu koyo. Kyamara ta ba da kashi 74, ido kashi 45.

Ni dai sakamakon wannan gwaji na Dublin ne ya fi tsaya mini a rai. Garinmu gari ne na koyo. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana yaye likitoci da nas-nas da ke bazuwa ko'ina a Arewa, kuma kowannensu akwai ranar da zai sa wa jariri bututu karo na farko a rayuwarsa. Idan malaminsa na ganin abin da yake gani, zai ce masa, "Ɗan ja baya, ɗaga sama kaɗan, to ga ta nan." Wannan jaririn ɗan wani ne, kuma ya cancanci a dace tun farko, domin bayanan da aka tattara kan yara masu wuyar sanyawa sun nuna cewa da an wuce gwaji biyu, haɗari yana ƙaruwa sosai.

Kyamara ma tana da nata matsalolin. Jini ko majina ko tururin numfashi na iya rufe ta. Wadda bakinta ya lanƙwashe da yawa takan nuna maka ƙofa sarai amma bututu ya ƙi juyawa ya shiga, sai wanda ya saba. Ga tsada, ga caji, ga kayan gyara da ba a samu a kusa. Wanda za a tura ƙaramin asibiti a ƙauye dole hannunsa ya goge da tsohon ƙarfe.

Ga yaron da aka haifa da ƙaramin muƙamuƙi ko wanda bakinsa ba ya buɗuwa, akwai siririn bututu mai lanƙwasa da kyamara a kai, wanda ake bi da shi a hankali. Akwai kuma robar da ke zama a saman maƙogwaro ba tare da ta shiga ciki ba, wadda ta sha ceton rai lokacin da komai ya cije.

Bututun kansa ma iri biyu ne. A da ana guje wa mai ƴar balan-balan a ƙarshe, wadda ake hurawa don ta toshe gefen bututun, ga yara ƴan ƙasa da shekara 8, don tsoron ta matse ta ji musu ciwo. Wani gwaji na Turai a 2009 kan yara fiye da 2,000 ya nuna cewa mai balan-balan sau 2 kawai cikin 100 aka sake canza shi, marar ita kuwa kusan sau 30, kuma matsalar numfashi bayan cirewa ba ta ƙaru ba. Sharaɗin shi ne a riƙa auna iskar da ke cikin balan-balan ɗin.

Ko wace hanya aka bi, ambu, wato jakar robar da ake matsawa da hannu a hura wa yaro iska, da abin rufe hanci da baki suna kusa da hannu. Idan gwaji ya ja lokaci, a tsaya, a ba yaro oksijin, sannan a sake. Bayan an sa, ganin ƙirji na ɗagawa bai isa shaida ba, sai na'ura ta nuna iskar kabon dayoksaid tana fitowa numfashi bayan numfashi. Sannan a ɗaure da filasta da kyau, domin hanyar iskar jariri gajera ce, motsin kai kaɗan na iya zare bututun ko ya tura shi huhu ɗaya.

Iyaye kuma, bayan an cire, yaro kan yi dishewar murya ko ɗan tari na kwana ɗaya ko biyu. Amma in kun ji numfashinsa yana ƙara kamar usur, ko kun ga ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa in ya ja iska, ku kira nas nan take, ko da tsakar dare ne.