Daga Denver zuwa Yellowstone da iyali: ƙasar kaboyi ta tagar mota

Jama'a, idan kun dubi taswirar Amurka, jihar nan mai kusurwa huɗu kamar an yanka ta da wuƙa ita ce Wyoming, a yammacin Amurka. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 250,000, amma mutanenta ba su cika 600,000 ba. Babu jihar Amurka da ta kai ta ƙarancin jama'a, shanu ma sun fi mutane yawa. Ita za mu ratsa yau zuwa gandun dajin Yellowstone, maigida a sitiyari, uwargida a gefe, yara a baya.

Daga Denver, babban birnin jihar Colorado, ake ɗaukar hayar mota, a miƙa arewa. Kafin awa biyu an isa Cheyenne, babban birnin Wyoming, inda tun 1897 ake bikin kaboyi, yanzu duk ƙarshen watan Yuli. Ana barin garin sai fili ya buɗe: ciyawa gajera, iska ba ta tsayawa, garken wata dabba mai kama da barewa na kiwo a bakin titi. Sai a yi tafiyar rabin awa ba a ga gida ko ɗaya ba. A nan yara ke fara cewa, "Baba, wai har yanzu ba mu iso ba?" Shawarata, kada maigida ya bari mai ya sauka ƙasa da rabin tanki, domin gidajen mai sun yi nisa da juna, wani wurin ma waya ba ta kama sabis. Guzuri kuma a yi shi tun daga Denver, naman halal yana wuya a ƙananan garuruwa.

Wannan fili shi ya haifi kaboyi. Ruwan sama a wurare da yawa bai kai milimita 400 a shekara ba, noma ba ya yiwuwa sai da ban ruwa, saniya ɗaya kuwa tana buƙatar eka masu yawa kafin ta ƙoshi. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka riƙa koro shanu dubbai daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, daga baya har Wyoming da Montana. Masu korar yawanci samari ne 'yan ƙwadago, albashinsu kaɗan, ƙura da yawa. Sana'ar daga makiyayan Meziko aka koye ta, kuma masana tarihi da dama sun kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu korar baƙaƙen fata ne. Finafinan da aka riƙa nunawa a silima ba su damu da nuna mana su ba.

Kuma zamanin bai daɗe ba, shekara ashirin ne da ɗoriya. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, masu gonaki suka fara shinge, burtali ya toshe. Sanyin 1886 zuwa 1887 ya zo ya kashe shanu bila adadin, ƙanƙara ta binne ciyawa. Abin da ya rage sai rigima. Idan kun iso ƙaramin garin Kaycee a kan hanyar zuwa garin Buffalo, ku ɗan tsaya. A nan ne a watan Afrilun 1892 manyan masu garke suka zo da mutum kusan 50, har da 'yan bindigar haya daga Texas, suka kashe Nate Champion, wani ƙaramin makiyayi da suke zargi da satar shanu. Mutanen yankin suka yi gangami suka yi wa maharan ƙawanya, sai da sojoji suka zo suka fitar da su. Ba wanda aka hukunta.

Daga Buffalo hanya ke hawa tsaunukan Bighorn, har sama da mita 2,900. Kunne zai toshe, kuma ko a watan Yuni ana iya ganin ƙanƙara a gefen titi, don haka rigunan sanyin yara su zauna a kusa, ba cikin but ba. Wajen gangara a sa ƙaramin giya, kada birki ya ɗau zafi. Idan taya ta yi "gurrr" a kan wasu ƙarafa da aka jera a ƙasa, shingen shanu ne, mota ta wuce, kofato ya kasa. Ma'ana daga nan saniya na iya tsayawa a tsakiyar titi, ita ke da hanya.

Cody gari ne da Buffalo Bill ya taimaka aka kafa a 1896, mutumin da ya mai da rayuwar kaboyi wasa, ya kai ta har Turai. Daga Yuni zuwa Agusta kullum da dare ana wasan hawan doki da bijimi. Wanda ya san hawan ƙaho zai gane zafin abin, sai dai a nan bayan bijimin ake hawa, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan a sama, a jure daƙiƙa 8. Yawancinsu ba sa kaiwa.

Kilomita kusan 85 daga Cody sai ƙofar Yellowstone, gandun da aka keɓe tun 1872. Maɓuɓɓugar Old Faithful tana feso tafasasshen ruwa sama kusan duk minti 90, yara za su so ta. Amma ni ɓauna ce ta fi ɗaukar hankalina. Miliyoyi ne a da a filayen yammacin Amurka, su ne abinci da sutura da tantin ƙabilun asalin ƙasar, irin su Lakota da Cheyenne da Crow. Mafarauta suka karkashe su, ana dab da 1890 ba su kai 1,000 ba, kuma a filin da suka bari aka zuba shanu. Yau dubbai ne a gandun, sukan tare titi motoci su yi layi. Doka ta ce a ba su tazarar mita 23, beyar da kyarkeci kuwa mita 91. Namijin ɓauna na kaiwa kilo 900, kuma ya fi mutum gudu nesa ba kusa ba. Hoton a ɗauke shi daga cikin mota.

Masauki a cikin gandun yakan cika watanni kafin lokacin, wanda bai kama ɗaki da wuri ba sai ya koma Cody ya kwana.