Tsutsa, ƙwayar halitta da shekarun tsoho

An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa matasan masu binciken kimiyya a Yamai.

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, ga kujeru nan gaba. Abubuwa huɗu nake so duk matashin da zai shiga binciken tsufa ya iya da hannunsa kafin ya taɓa wata babbar na'ura.

Na farko, tsutsa. Eh, tsutsa, kar ku yatsine fuska. (dariya) Sunanta C. elegans, tsawonta milimita 1, rayuwarta mako 2 zuwa 3. A 1993 Cynthia Kenyon da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa idan ƙwayar gado guda, daf-2, ta samu tawaya, tsutsar tana rayuwa fiye da ninki biyu. Ƙwayar gado guda! Daga nan mutane da yawa suka yarda tsufa abu ne da ake aunawa, har a sauya saurinsa. Ɓera sai ka jira shi shekara 2 zuwa 3. Tsutsa kuwa cikin wata guda ɗalibi ya ga haihuwa, ya ga tsufa, ya ga mutuwa, ya kuma ga inda hannunsa ya kauce.

To yaya ake yi? Dole tsutsotsin su zama sa'o'in juna. Za ka wanke manyan da ruwan jabel, wato bilic, haɗe da soda irin ta yin sabulu, kamar minti 5. Uwar ta narke, ƙwan ya tsira saboda ɓawonsa. Ka zarce lokaci, ƙwan ma ya mutu. Sai ka ɗauraye sau 3, ka zuba a faranti mai abincinsu, wato bakteriyar OP50. Cikin kwana 3 sun balaga. Nan wahala take farawa, don kowace tana iya zuba ƙwai kusan 300. Idan ba ka kwashe iyayen zuwa sabon faranti kullum ko bayan kwana 2 ba, ƴaƴan za su girma su gauraya da su, ba ka ƙara sanin wace ce tsohuwa. Wasu suna sa maganin FUdR don hana haihuwa, amma shi kansa yana sauya tsawon ran wasu nau'o'in, don haka in kun sa, ku rubuta kun sa.

Sai zafi. Ku saurara da kyau, don wannan namu ne. Tsutsar nan digiri 20 take so. A 25 ranta ya gajarta. Mu kuwa a watan Afrilu Yamai tana wuce 40. Wuta ta ɗauke da rana, akwatin sanyi ya tsaya awa 3, gwajin wata guda ya lalace, kai kuma ba ka sani ba, kana murna ka gano wani abu. Ku sa ma'aunin zafi mai rubuta kansa cikin akwatin. Ku sa batir. Rukunin gwaji da rukunin kwatance, wato wanda ba a yi wa komai ba, su zauna kan kanta guda cikin akwatin. Kanta guda, na maimaita.

Kuma yaushe za ka ce ta mutu? Ka taɓa kanta a hankali da siririyar wayar falatinam. Ba ta motsa ba, ka sake. Amma wadda ta hau bangon faranti ta bushe, da wadda ƙwai ya ƙyanƙyashe a cikinta, da wadda ta fashe, ba tsufa ya kashe su ba. Kar ka ƙirga su cikin matattu, kar kuma ka share su. Ka rubuta ranar da suka fita, lissafin tsawon rai na Kaplan da Meier na 1958 ya san yadda zai yi da su. Tsutsa kamar 100 a kowane rukuni, a maimaita sau 3, kuma wani ya rufe maka sunan faranti, don ido yana ganin abin da zuciya take so.

Kai, lokaci ya tafi. Na biyu da sauri: ƙwayar halitta, wato sel da aka gina jiki da su, a kwalba. Hayflick da Moorhead sun nuna a 1961 cewa ƙwayar ɗan Adam tana rabuwa kamar sau 50 ta tsaya. Ku riƙa rubuta adadin rabuwar duk lokacin da kuka juye su sabuwar kwalba. Rinin da ke mayar da tsohuwar ƙwaya shuɗiya yana aiki a pH 6, wato ma'aunin tsami, kuma kwalbar da ta cika maƙil ma tana yin shuɗi, saboda haka alama guda ba hujja ba ce.

Na huɗu... a'a, na uku ne, ko? Mutum. Ƙarfin damƙa da saurin tafiyar mita 4. Ma'aunin Turai na 2019 ya ce damƙar da ta gaza kilo 27 ga namiji, 16 ga mace, rauni ne. Ni a ganina matar da ta shekara hamsin tana daka da jan guga tana bukatar ma'aunin da aka fitar daga mutanenmu. Eh, ƴar uwa, faɗi.

(Wata ɗaliba: Malam, tsofaffinmu na ƙauye yawancinsu ba su da takardar haihuwa. Da wace shekara za mu yi lissafi?)

Madalla. Wannan ta fi na huɗun da na shirya. Ka tambayi tsoho, zai ce sittin, ko saba'in. Ku duba jadawalinku, za ku ga shekarun sun taru a masu ƙarewa da 0 da 5. Akwai ma'aunin Whipple: 100 babu taruwa, 500 kowa ya faɗa can. Ku lissafa shi kafin komai. Sannan kar ki ce "Inna, shekarunki nawa?" Ki ce, "Inna, da aka ba ƙasa ƴanci kina da wayo?" Wato 1960. "Da Kunce ya hau mulki an yi miki aure? Kina goyon wa?" Wato 1974, lokacin fari. Sai yunwar 1984. Ki kama abu biyu aƙalla, ki gwada da shekarun ɗan fari, ki rubuta tazara, misali 68 zuwa 72, tare da hanyar da kika bi. Agogon Horvath na 2013, mai duba wurare 353 a jikin DNA don kintata shekarun jiki, da sanannun shekaru ake kwatanta shi. In shekarar da kika ba shi ta kauce da 8, sai ki ce Inna tana tsufa da sauri, alhali takardarki ce ta kauce. Kuma ki yi tambayar da harshenta, Zabarmanci ne ko Hausa ko Fulatanci, ba ta bakin jikanta ba, don shi sittin zai ce miki.