Yadda ƙwayar bakteriya ke ɓoye ƙarfe a cikinta

Ku kwatanta wata 'yar ƙwallo a zuciyarku. Faɗinta nanomita 12 ne kacal, sai an jera irinta sama da miliyan 80 kafin su cika mita ɗaya. Furotin ce mai suna bakteriyoferitin, kuma rumbun ƙarfe ce a cikin ƙwayar bakteriya.

Me ya kai ƙarfe ga rumbu? Kusan duk bakteriya na buƙatarsa wajen numfashi da haɗa DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Sai dai ƙarfen da ke yawo sakaka, mai caji biyu (wato wanda ya rasa ilektiron biyu, 'yan ƙwayoyin lantarki na cikin zarra), da ya yi arba da haidurojin feroksaid, wani sinadari da kan samu a cikin ƙwayar, sai su haifar da wata guba mai yayyaga DNA da furotin. Rashinsa yunwa, yawansa ajali.

Bari mu tsaga ƙwallon. Gutsure 24 ne suka haɗu suka yi ɓawo, tsakiya kuma kogo ne mai faɗin nanomita 8. Ƙarfe na shigowa, sai wani lungu a jikin kowane gutsure ya fizge masa ilektiron ɗaya, ya koma mai caji uku. A wannan siffa ba ya narkewa a ruwa, sai ya daskare a kogon kamar tsatsa. Wato da gangan ƙwayar ke sa ƙarfenta tsatsa don ya daina ɓarna, kuma ƙwallo guda na ɗaukar dubban ƙwayoyin zarra na ƙarfe. Akwai 'yar'uwarta feritin, da ƙanwarsu Dps mai gutsure 12, wadda ke ɗaukar kusan 500, a wasu bakteriyan har ta rungume DNA ta kare shi.

To ajiya dai an yi, ina batun fitarwa? Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Tsatsa ba ta fita da kanta, sai an mayar mata da ilektiron ɗin da aka ƙwace. In ƙarfe ya yi ƙaranci, ƙwayar kan ƙera wani ɗan furotin, Bfd. Shi kuma sai ya manne wa ɓawon daga waje. Yana miƙa ilektiron ga sinadarin hem, ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja, da ke maƙale tsakanin gutsure biyu, akan sami hem har guda 12 a ƙwallo ɗaya. Hem ya tura shi ciki, ƙarfen ya koma mai caji biyu, ya narke, ya sulalo ta ƙananan kafofi.

A bakteriyar Pseudomonas aeruginosa, mai addabar huhu da raunukan ƙuna, masana sun hana Bfd mannewa. Ƙarfe ya yi ta shiga ba fita, rumbu ya cika maƙil, ƙwayar kuwa tana fama da ƙarancin ƙarfe. Shi ya sa ake gwada ƙananan sinadarai da za su toshe daidai gurbin da Bfd ke zama, ko a samu sabon magani daga nan.