A ina mesa za ta ci abinci: cikin akwatinta ko cikin roba?

[Hoto: mesa ƙarama a dunƙule cikin maɓoyarta, kai kawai a waje]

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Kwanakin nan akwai bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da TikTok: mai kiwo ya buɗe akwati, ya ɗauko mesarsa, ya saka ta cikin babbar roba, ya miƙa mata ɓera. Hujjarsu ita ce wai in ana ba ta abinci cikin akwatinta, za ta ɗauka duk hannun da ya shigo abinci ne, sai ta koyi cizo. ƴan tsirarun matasan da suka fara wannan kiwo a nan Zinder sun karɓi maganar hannu bibbiyu, wasu har sun leƙa Kasuwar Dole neman roba mai murfi. To amma ku lura da inda waɗannan bidiyoyin ke ƙarewa. Da ta haɗiye ɓeran, sai a yanke. Ba a nuna muku yadda ta koma gida, kuma a nan ɓarnar take.

Kafin mu je can, bari mu share fage da sauri. Wadda kuke gani ita ce ƙaramar mesa mai dunƙulewa in ta tsorata, ƴar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wadda ake fitarwa da yawa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Ba ta da dafi. Ba maganar kububuwa muke ba, ko kasa, ko gamsheƙa. Waɗannan ba na ajiyewa a ɗaki ba ne, kububuwa ma ita ce kan gaba cikin macizai wajen kashe mutane a yankinmu. Kuma tun 1998 Nijar na da dokar farauta da kare namun daji, don haka kafin ka ajiye kowace irin dabbar dawa, ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ka ji ƙa'ida.

[Hoto daga kusa: harshe yana fita yana komawa]

Ku dubi harshen nan. Ba wasa take yi ba. Tana lasar iska ne, ta kwaso ƙanshi ta kai shi wasu ƴan ramuka biyu da ke rufin bakinta daga ciki, daga nan saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Yanzu ku dubi leɓenta na sama, kun ga wasu ƙananan huji a jere? Da su take jin ɗumin jikin dabba ko da cikin duhu ne. Warin ɓera, ɗumi, da motsi: in waɗannan uku suka haɗu, mesa za ta kai sara, ko a akwati take, ko a roba, ko a tsakar gida.

Saboda haka mafi yawan cizon da ake ɗora wa akwati, laifin hannu ne. Mutum ya taɓa ɓera, bai wanke hannu ba, ya tura shi da ɗuminsa gaban dabbar da ta kwana goma ba ta ci ba. Me kake so ta yi? Sauran cizon kuma na tsoro ne, an zo mata ta sama ba zato, ko tana cikin saɓa idanunta sun yi fari ba ta gani sosai. Roba ba ta maganin ko ɗaya daga cikin biyun. Hasali ma, in kullum sai an ɗauke ta kafin ta ci, abin da za ta koya shi ne ɗauka alamar abinci ce, wato ka koya mata ainihin abin da kake gudu.

[Hoto: ta kama ɓera, ta naɗe shi, ta fara haɗiya ta kai]

Nan zan yi shiru kaɗan ku kalla da kanku. Tsarki ya tabbata ga Allah. Ta kai take farawa, don ƙafafu su kwanta. Muƙamuƙinta na ƙasa gida biyu ne, jijiya mai talewa ta haɗa su, shi ya sa ɓangare ɗaya ke matsawa gaba, ɗayan ya biyo. Wancan ɗan bututun da ya leƙo ta ƙasan bakinta maƙogwaronta ne, da shi take numfashi baki a cike.

To, ta gama. Ga ta cikin roba, ciki ya yi tudu. Yanzu wa zai mayar da ita?

Wannan shi ne matakin da nake so mu tsaya a kansa. Hanya biyu ce kawai gare ka. Ko ka sa hannu ka ɗauke ta yanzu, alhali warin ɓera na nan cikin robar, ita kuma hankalinta bai sauka daga farauta ba, wanda shi ne lokacin da ya fi kowanne haɗarin cizo. Ko kuma ka bar ta cikin roba na awoyi, babu maɓoya, babu ruwa, babu ɗumin da take buƙata don narkewar abinci. Duka biyun babu na zaɓe.

Sai ka san abin da ke faruwa a cikin cikinta kafin ka gane nauyin abin. Mesa ba kamar akuya ba ce da ke ci kullum. Tsakanin ci da ci, hanjinta da tumbinta kusan hutawa suke yi. Wani masanin dabbobi Ba'amurke, Stephen Secor, ya daɗe yana nazarin mesar Burma, ya nuna cewa da abinci ya shiga, ruwan tumbinta yakan koma tsami mai ƙarfin narkar da ƙashi, hanjinta ya ƙara girma, iskar da jikinta ke sha ta ninka sau da yawa. Duk ƙarfinta ya koma kan wannan aiki ɗaya. A daji, mesar da ta ƙoshi ba ta iya gudu, don haka in ta ji wani abu ya kama ta, dabararta ita ce ta amayar da abincin ta samu sauƙin tserewa. Ita ba ta san kai mai ƙaunarta ba ne. Hannu ya ɗaga ta sama, a wurinta abin farauta ya zama ita.

Ka ɗauka ka ci tuwo ka yi nak, ko hannu ba ka wanke ba, aka ɗora ka bisa kabu-kabu aka bi da kai hanya mai gargada. Haka abin yake a wurinta, sai dai nata aman ya fi naka tsada. Ruwan tsamin nan yana ƙona mata maƙoshi in ya dawo, jikinta ya rasa ruwa, ƙarfin da ta kashe ya tafi a banza. In ya faru sau ɗaya, sai a jira kamar sati biyu kafin a sake ba ta, kuma a ba ta ƙarami. In yana maimaituwa, tana iya ramewa har ta mutu. Shi ya sa masu kiwon da suka san aikin suke cewa kada a taɓa ta sai bayan awa 48. To ta yaya za ka cika wannan ƙa'ida alhali tsarin naka ya tilasta maka ɗaukarta minti goma bayan ta ci? Ni wannan tambayar ce ta raba min gardama.

Wasu za su ce ai su karkata robar suke yi a bakin akwati ta sulale da kanta. Ya fi ɗauka da hannu, ban musa ba. Amma har yanzu an girgiza ta, kuma tun farko an fitar da ita daga inda ta natsu. Wannan mesar mai kunya ce. A dawa cikin ramin ɓeraye ko tsohon suri take kwana, ta yi kwanton ɓauna a bakin ƙofa da dare. In ka ciro ta ka ajiye a fili mai haske, sau da yawa dunƙulewa za ta yi ta ƙi ci, sai mai ita ya fara cewa an yi mata baki. Babu wanda ya yi mata baki, Malam, tsoro take ji.

[Hoto: ƙasan akwati, ana ajiye faranti]

Akwai hujja ɗaya ta masu roba da nake girmamawa: tsoron kada ta haɗiye shimfiɗar ƙasan akwati tare da ɓeran. Gaskiya ne yana faruwa, musamman in ɓeran jiƙe yake. Ɗan ɓurɓushi kaɗan yakan wuce ba matsala. Amma mu nan da rairayi ya fi komai araha, kada a shimfiɗa mata shi, ba mazauninta ba ne, kuma yana busar da akwati. Takarda ko ɓawon kwakwa sun fi. Ka tsane ɓeran da tsumma, ka ajiye faranti ko guntun kwali a inda za ta ci. Magana ta ƙare.

Sauran kuwa ga shi a hoto, ba sai na ja ba. Bayan magariba, a rage haske. Ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. In daga firigo ya fito, a bar shi ya saki sarai, a ɗumama shi cikin ruwan ɗumi a cikin leda. A miƙa da dogon hantsaki, ba da yatsu ba. Ta kama, a rufe, a tafi. Ƙarama duk kwana 5 zuwa 7, babba duk sati biyu ko fiye. Ranar da ba ranar ciyarwa ba ce kuma, kafin ka sa hannu, ka ɗan shafa jikinta da ƙugiya ko sanda mai santsi. A hankali za ta gane cewa in sanda ta taɓa ta, yau babu ɓera. Wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa ta, don macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, yara ƙanana kuma ta fi kamawa.

Yaushe roba ke da amfani? In macizai biyu ne a akwati ɗaya, dole a raba su lokacin ci, don kada su kama ɓera ɗaya daga kai da wutsiya. Ni dai shawarata kowa ya samu akwatinsa tun farko. Sai kuma lokacin wanke akwati ko zuwa wurin likitan dabbobi, da ciki wayam.

[Hoto: ma'aunin zafi a jikin akwati]

Abu biyu da suka shafe mu a nan musamman. Narkewar abincinta da zafin wuri take tafiya: gefe ɗaya na akwati ya kai wajen digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya fi sanyi, ta zaɓa da kanta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Zinder ke haura 40, ɗakin kwano na iya dafa ta, a nemi ɗaki mafi sanyi a gidan. Da hunturu kuma, dare na yin sanyi, iska ta bushe, in ta ci a cikin sanyi abincin ruɓewa zai yi a cikinta maimakon ya narke. In ka ga ba ka da hanyar ɗumama mata wuri a wannan satin, gara ka ɗaga ciyarwar, babbar mesa mai lafiya tana jure makonni ba ci.

Na biyu, don Allah kada a kamo ɓeran rumbu ko na kwata a ba ta. Ba ka san ko ya ci maganin ɓera a gidan maƙwabta ba, ga tsutsotsin ciki. A kiwata nata daban cikin keji mai tsabta. In kuwa har sai mai rai take karɓa, ka tsaya a kanta da hantsaki a hannu, minti goma sha biyar in ba ta kama ba ka cire shi, domin ɓeran da aka bari ya kwana da mesa yana iya gwaguyar bayanta har ƙashi.