Abin da na gani a ƙofar gidan maƙwabcina a Rawalpindi

Assalamu alaikum jama'a, daga Rawalpindi ta ƙasar Pakistan nake magana, kuma har yanzu raina bai kwanta ba kan abin da na gani a makon nan.

An yi wa maƙwabcina haihuwa. Da hantsi na ji tafi da kiɗa, na leƙo na tarar da mutum huɗu sun ci kwalliya cikin kayan mata. Su ake kira khwaja sira: yawancinsu maza aka haife su amma suka tashi suna jin kansu mata, wasu kuma mata-maza ne tun haihuwa. Suka karɓi jaririn suka sa masa albarka, maigidan ya miƙa musu rufi 5,000, kuɗin ƙasar, da hannu biyu, domin a nan ana kwaɗayin addu'arsu, ana kuma tsoron bakinsu.

Bayan kwana uku muna cikin motarsa, wata daga cikin irinsu ta matso tana bara a wurin danja, sai ya ɗaga gilashi ya bi ta da zagi. Wallahi kunya ta kama ni.

A takarda suna da matsayi. Tun 2009 Kotun Ƙoli ta ce a san da zamansu, majalisa ta yi dokar kare haƙƙinsu a 2018, kodayake Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke wasu sassanta a 2023. Amma da yawansu iyaye ne suka kore su tun suna yara, suka koma ƙarƙashin wata uwar ɗaki da ake kira guru, abincinsu ya zama rawa da bara. A 2016 an harbi wata mai suna Alisha a Peshawar, aka tsaya gardama a asibiti kan ɗakin maza za a kwantar da ita ko na mata, daga baya ta cika.

Sai na tuna 'yan daudun da muke sayen abinci a wurinsu a Kano, muna cin tuwonsu muna yi musu dariya, na ji ba ni da bakin zargin maƙwabcina.

Duk wanda zai zo nan, ina gargaɗinsa kada ya ɗaga waya ya ɗauki khwaja sira hoto ba tare da izini ba. Ni ma na tambaya sun ƙi, shi ya sa fuskata kaɗai kuke gani a wannan bidiyon.