Jawabin Ma'aji Kan Asusun Ilimi da Karatun Ɗan Marigayi

Ranka ya daɗe Shugaba, ina neman izini in ajiye rahoton kuɗi a gefe tukuna, domin akwai maganar da ta hana ni barci tun taronmu na watan jiya, kuma idan na tsaya karanto lissafin hayar zaure da kuɗin abinci, lokaci zai ƙure ban faɗe ta ba.

Maganar ɗan marigayi ce, marigayin da muke tare da shi a wannan ƙungiya tamu ta 'yan Gombe mazauna Amurka. Takardar yaron ta neman tallafin karatu tana hannun kwamitin ilimi yau mako shida ke nan ba a ba shi amsa ba. Yaron ya kammala digirinsa na farko a fannin kimiyyar motsa jiki, ya kuma sami gurbin digiri na biyu a fannin kula da lafiyar 'yan wasa, wanda za a fara a watan Yuni, kuma jami'ar tana jiran kuɗin tabbatar da gurbi kafin ƙarshen watan gobe. Abubuwa biyu ne suka tsare takardar. Na farko, dokar asusunmu ta ce digiri na farko kaɗai muke tallafawa. Na biyu, ko da dokar ta yarda, asusun babu abin kirki a cikinsa, saboda fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata-wata ba tun bayan babbar sallah. Akwai kuma abu na uku da ba a rubuta a takarda ba, wanda shi ya fi yi mini ciwo, wato maganar da na ji da kunnena a bakin ƙofar zauren nan, cewa wai wannan ba karatu ba ne, tausa ce kawai da bin 'yan ƙwallo da jarkar ruwa.

Iyayena da yayyena, ban ga laifin wanda ya faɗi haka ba, domin ni ma ban san aikin ba sai da na zaunar da yaron ya yi mini bayani, na kuma duba takardun makarantar da idona. Sunan da Turawa suka sa wa aikin ne, wato "athletic training", yake ruɗar mutane, saboda yana ɗauke da kalmar horarwa, sai a zaci koci ne ko mai koya wa mutane ɗaga ƙarfe. Mai wannan aiki jami'in lafiya ne da ke aiki ƙarƙashin jagorancin likita, kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da fannin a matsayin ɗaya daga cikin ayyukan kiwon lafiya tun shekarar 1990. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka, wadda ake kira NATA, an kafa ta tun 1950, kafin a haifi kusan duk wanda ke zaune a zauren nan. Kafin a karɓi ɗalibi sai ya nuna ya karanta ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fizis da ilimin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, da kuma ilimin halayyar ɗan Adam. Bayan an karɓe shi, zai yi shekara biyu yana karatu a aji yana kuma aikin koyo a filayen wasa da asibitoci, daga nan ya zauna jarrabawar hukumar BOC, wadda ke ba da takardar shaidar ƙwarewa a fannin, sannan ya nemi lasisin jihar da zai yi aiki a cikinta. Ko bayan ya fara aiki, dole ne duk shekara biyu ya nuna shaidar ƙarin karatu, in ba haka ba takardarsa ta mutu.

Ga kuma inda dokarmu ta tsufa ba mu sani ba. Lokacin da marigayi ya zauna da ɗansa suka tsara wannan hanya, digiri na farko ya isa mutum ya zauna jarrabawar. Daga baya hukumar CAATE, wadda ke tantance makarantun da ke koyar da fannin, ta mayar da matakin shiga aikin zuwa digiri na biyu, kuma bayan zangon kaka na shekarar 2022 aka daina ɗaukar sababbin ɗalibai a matakin digiri na farko. Ashe kuwa yaron nan ba ƙarin ado yake nema a kan takardarsa ba. Idan bai yi wannan digiri na biyun ba, hukumar BOC ba za ta bar shi ya zauna jarrabawa ba, shekara huɗun da ya yi kuma ba za su ba shi damar taɓa gwiwar kowa da sunan wannan aiki ba. Mu da muka rubuta dokar asusu, niyyarmu ita ce mu raka 'ya'yanmu har inda za su iya riƙe kansu, kuma a wannan fanni an matsar da wurin gaba da shekara biyu.

Wasu sun ce ya ci bashin karatu kamar sauran yaran ƙasar nan. Mahaifiyarsa ta gaya wa matan ƙungiya cewa ba ta son ɗanta ya fara rayuwa da bashi mai kuɗin ruwa a wuyansa, kuma ban ga wanda zai ɗaga ido a cikinmu ya ce mata ta yi kuskure ba. Wasu kuma sun ce ya nemi aikin dare. Yana yi tun yana aji ɗaya a jami'a, amma tsarin karatun yana da lokacin da ɗalibi zai tare a wurin aikin koyo na aƙalla mako huɗu a jere, yana bin jadawalin ma'aikatan wurin daga safe har dare, ga kuma wasannin ƙarshen mako a sauran zangon. Ba zai iya haɗa wannan da tuƙin dare ba tare da ɗayansu ya lalace ba.

Waɗanda ke kallon ƙwallon Amurka a cikinku sun tuna daren 2 ga Janairun 2023, lokacin da Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills ya yanke jiki ya faɗi a filin Cincinnati, zuciyarsa ta tsaya a gaban miliyoyin masu kallo. Wanda ya durƙusa yana danna ƙirjinsa a cikin filin, Denny Kellington, irin wannan karatu ya yi. An sa wa Hamlin na'urar farfaɗo da bugun zuciya nan take, ya rayu, har ya koma buga wasa. Manyanmu kuma ba su manta da 12 ga Agustan 1989 ba, ranar da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ana wasa da Angola, bai sake tashi ba. A watan Maris na 2020 ma Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana tsakiyar wasan gasar ƙasa, shi ma ya rasu. Rai a hannun Allah yake, babu mai jayayya da wannan, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma idan zuciya ta tsaya, kowane minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kuma sa na'urar ba, damar rayuwa raguwa take yi ƙwarai. Ba a jiran a kai asibiti a irin wannan hali, sai dai wanda ke bakin fili ya san abin yi.

Ni a Bolari na tashi, kuma duk wanda ya buga ƙwallo a filayen unguwannin Gombe ya san yadda abin yake. A watan Maris da Afrilu, rana tana dukan ƙasa har tafin ƙafa na ƙuna, yara suna gudu tun bayan la'asar babu mai lura da wanda zafi ya fara galabaitarwa. Idan yaro ya faɗi, a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita da riga, a ce ya tashi shi namiji ne. Yaron nan ya bayyana mini cewa wanda zafi ya buge har ya fara fita hayyacinsa, ana tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ne a nan wurin, a sauke zafin jikinsa cikin rabin sa'a, kafin ma a yi maganar mota. Ya ce wanda ya bugu a kai ya tashi yana jiri ba a mayar da shi wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke. Ina sauraronsa ina tuna abokina na makarantar sakandare, wanda gwiwarsa ta goce a wasannin gidaje, aka ɗauke shi a bayan babur zuwa wurin maɗori, aka ɗaure ta kamar karaya alhali jijiya ce ta tsinke. Yau ya haura shekara hamsin, yana ɗingishi, a zaune yake sallah. Maɗorin ya yi iya saninsa, Allah Ya saka masa, amma babu wanda ya tsaya ya bambance targaɗe da tsinkewar jijiya a ranar.

Shi ya sa idan na ji ana cewa me wannan karatu zai amfana wa gida, sai in rasa ta inda zan fara. Muna da Gombe United a filin Pantami, maƙwabtanmu na Bauchi suna da Wikki Tourists a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga makarantun sakandare daga Dukku har Kaltungo, ga 'yan dambe da 'yan kokawa da ake naushi a kai ana yi musu kirari, babu mai duba idonsu bayan an tashi. Ban yi muku alkawarin yaron zai koma gida ya zauna ba, domin wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma ya riga ya gaya mini da bakinsa cewa burinsa shi ne duk hutun da ya samu ya je ya tara malaman wasanni na makarantu ya koya musu danna ƙirji da gane alamun bugun zafi. Wallahi da na ji haka sai da ƙwalla ta cika mini ido, domin a nan aka haife shi, sau uku kacal ya taɓa taka Gombe, amma tunaninsa yana can.

Rahoton kuɗi a taƙaice: an biya hayar zaure har ƙarshen shekara, asusun jana'iza yana nan yadda yake ba a taɓa shi ba, walimar sallah ta ɗan haura abin da aka ware mata, kuma cikakken lissafi yana kan tebur ga mai son dubawa. Sakatare zai tura kwafinsa a zaurenmu na WhatsApp.

Ina komawa kan maganar. Mutane nawa ne a zauren nan marigayi ya je ya ɗauko daga filin jirgi da tsakar dare, cikin sanyin da ba mu taɓa gani ba a rayuwarmu? Mutane nawa ne suka kwana a falonsa wata biyu, wata uku, kafin su sami ɗaki? Ni ina cikinsu, kuma rigar sanyin farko da na sa a ƙasar nan tasa ce. Littafin kuɗi yana hannuna, na duba tun daga shafin farko, bai taɓa tsallake wata ɗaya bai biya ba har watan da ya kwanta ciwon ajali. Yau ɗansa ya rubuto mana takarda cikin ladabi, da Hausar da ya yi ta fama ya koya, mun bar shi mako shida babu amsa, domin mun kasa biyan abin da muka ɗora wa kanmu da kanmu. Na san rayuwa ta yi tsada, na san kowa yana da masu jiransa a gida, ni ma ina da su. Wanda yake cikin matsi ya same ni a keɓe, babu mai jin sirrinsa. Amma wanda Allah Ya hore wa, mantuwa ce kawai ko sakaci, don girman Allah ya biya yau.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina gabatar da ƙuduri cewa a gyara sashen dokar asusun ilimi, ta yadda zai haɗa da digiri na biyu a duk fannin da ba a ba da lasisin aiki sai da shi, kuma a kaɗa ƙuri'a a kansa a wannan zama, kada a ɗaga zuwa wata mai zuwa, domin kafin mu sake haɗuwa wa'adin jami'ar ya kusa cika. Ina roƙon wani ya mara wa ƙudurin baya. Ni kuma zan zauna a teburin bakin ƙofa da littafin rasit har sai mutum na ƙarshe ya fita, kuma a daren nan nake so in kira mahaifiyar yaron in gaya mata abin da muka yanke.